Komin Kawu Labbo

Jikana Basiru ne ya tono wannan magana. Ran wata Talata ya zo kasuwa da abokansa, suka tarar da ni a layin masassaƙa ina fafe komin dabbobi, wanda mu a nan muke cewa kwami. Ya tsaya a kaina, hannu cikin aljihu, ya ce wai wannan ai ba sana'a ba ce, rami ne kawai a jikin itace, rabin duro ma yana yin aikinsa. Abokan suka kwashe da dariya. Na miƙa masa gizago na ce bismilla. Bai yi nisa ba ya kusa raba kansa da babban yatsan ƙafarsa, ya ajiye yana cewa ƙotar ce ta karkace. Yaron da duk unguwa ke kiran uwarsa 'Yar-kwami, bai taɓa tambayar dalili ba, shi ne yau yake raina komi. To, tunda rami ne, ku zauna ku ji labarin ramin.

Sunana Ummaru. A hannun Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, na koyi sassaƙa, a wani ƙauye na ƙasar Maradun wanda yanzu kifi ke kwana a tsakar gidajensa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Kawu kuma 'ya'yansa duk mata ne, sai ya ɗauke ni. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba. In ka yi daidai ba zai ce komai ba. In ka ɓata, sai ya ɗauki abin ya juya shi a hannu, ya miƙa wa matarsa ya ce ta hura wuta da shi.

Muciya na fara sassaƙawa, kuma na daɗe a kanta har na tsani ganin tuwo. Daga nan ƙotar fartanya, daga nan koshiya. Sai da gemu ya fara tsiro mini aka bar ni na taɓa turmi. Ku da kuke ganin kayan aikinmu ba su da yawa, gaskiya ne: gatari na sare itace da fitar da siffa, gizago na fafewa da gyara, sai wuƙa, sai ƙarfen da ake sa wa a wuta a yi zane, sai dutsen washi. Amma kowane itace da halinsa. Ƙirya ta turmi ce, tana da taurin kai, tana cin bakin gatari. Marke na taɓarya. Aduwa ta allo. Danya ta akushi, tana da laushi kamar ta ce ka yi ta yanka, sai ka zarce ka huda gindin. Wanda bai san wannan ba, ko an ba shi dajin duniya, itacen wuta zai tara.

Komi na farko da na yi, wani mai turkar raguna ne daga Bakura ya sa. Na fafe shi sumul, na kai wa Kawu ina jin kaina. Ya zura hannu ciki, ya bi kusurwoyin da yatsa, ya ce in kawo dusa da ruwa. Aka dama aka zuba, aka kwashe, sai ga dusa ta maƙale a kowane lungu. Ya ce nan za ta kwana ta yi tsami, rago ya ci cikinsa ya kumbura, mai rago ya zagi uwar masassaƙi. Ranar na koyi cewa komi ba ya son kusurwa, cikinsa a zagaye yake kamar tafin hannu. Gindi ya fi gefe kauri, don jaki zai taka shi. Leɓen kuma a goge shi har ka iya bin sa da harshenka, don dabba da harshe take sharce abinci. In an gama a shafe bakunansa biyu da kashin shanu, a ajiye a inuwa ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Wannan shi ne ramin da Basiru yake faɗa.

Gizagon da nake aiki da shi na mahaifin Kawu ne. Ranar da Kawu ya danƙa mini shi, ya kafa mini sharaɗi ɗaya. Kakanninmu, kafin su shiga Musulunci sosai, su ne ke sassaƙa wa masu tsafi abin da suke yanka wa kaji. Mahaifin Kawu ya tuba, ya rantse cewa ƙarfen gidansa ba zai ƙara fitar da abin da ɗan Adam zai durƙusa wa ba. Kawu ya ce duk ranar da na karya wannan, zai karɓe gizagon. Kada ku ce ai sai in je maƙera in sayi wani. A lokacin, wanda maigidansa ya karɓe wa gizago ya gama sana'a. Ba wanda zai matsa masa wuri a layin kasuwa, ba wanda zai bi shi daji ya kama masa itace.

Sai shekarar wahala ta zo. An daɗe ana aikin dam ɗin Bakolori, muna ganin manyan motoci da Turawa, muna jin ana cewa ruwa zai zo har inda muke, muna cewa ina ruwa zai hau wannan tudu. Ya hau. Kafin ya hau kuma katafila ta bi fadama ta tuge itatuwan da Kawu ya san su ɗaya bayan ɗaya tun yana yaro, aka tara aka cinna musu wuta. Na ga ƙiryar da za ta ba da turmi har na jikoki tana ci kamar kara. Muka kwashe abin da jaki zai iya ɗauka muka nufo wajen Talata Mafara, inda wani mahauci abokin Kawu ya ba mu fili a bayan gidansa. Cikin kayan da Kawu ya ƙi bari har da tsohon komin jakinsa, na itacen gawo, aikin mahaifinsa, duk ya yi baƙi ya sha tauna.

Matata tana da tsohon ciki a lokacin. Muka iso ba ɗaki, sai rumfar kara da muka kafa, ga damina ta sauka. A cikin rumfar nan ta haihu, ƙasa jiƙe sharkaf, tururuwa ko'ina. Matar Kawu ta duba ba inda za a ajiye jaririya, sai ta kife dusar jaki, ta wanke komin, ta shimfiɗa zane ta kwantar da ita. A ciki yarinyar ta yi kwanakinta na farko, har muka tayar da ɗaki. Aka sa mata Hajara. Amma matan unguwa sun riga sun gani, suka laƙa mata 'Yar-kwami. Wannan suna ya ƙona Kawu ƙwarai. Mutumin da ke da gida da rumbuna, yau a ce jininsa ya kwana a makwancin dusa. Ya hana a faɗe shi a gidanmu, har ya taɓa korar wata maƙwabciya da taɓarya a kansa. Komin ya koma gaban jaki, ba mai ƙara tayar da zancen.

Hajara ta fara gudu da surutu lokacin da Malam Yohanna ya zo mini da aikinsa. Mutumin Zuru ne, birkila, yana aikin siminti a magudanan ruwan da ake ja daga dam zuwa gonaki. Kirista ne, kuma shi ne dattijon 'yar majami'ar da ma'aikata suka yi da kwano a bayan barikinsu. Mun saba, don ni na yi wa matarsa Saratu turmi, kuma mutum ne da in ya gaishe ka sai ya tambayi har jakinka. Bayan mun gama gaisawa ya ce yana son komi, daidai kwanciyar jariri, kafin bikinsu na Kirsimeti.

Na ce, "Jariri cikin kwami? Ɗan wa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Na tuna haihuwar Sarkin sarakuna ne. Za mu yi wasan kwaikwayo, mu kwantar da ɗana a ciki a madadinsa."

Motar da ke kai su aiki ta yi ƙaho, ya ruga. Ni kuwa kalma ɗaya ta zauna mini a kunne, sarki. A sana'armu ba a kai wa babban mutum abu tsirara. Ko akushi ne, in na hakimi ne, sai an yi masa zane an yi masa murfi. Na ce a raina bawan Allah nan Hausa ce ta gaza masa, gado yake nufi ya ce komi. Ina da wani guntun maɗaci da na tsamo daga wutar katafila, ina ta ɓoyonsa don babban aiki. Na fito da shi. Na fafe shi, na fitar masa da ƙafafu huɗu, na ɗaga wajen kai, na bi jikinsa da zanen wuta irin na sirdi, na shafe shi da man kaɗe har yana ɗaukar ido. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, har yau kuwa.

Ina cikin goge shi Kawu ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga na wane sarki na?"

Na gaya masa. Fuskarsa ta canza.

"Coci? Ɗakin da anka ce suna aje mutum-mutumi suna durƙuso? Kai Ummaru, gadon gunki kas sassaƙa da ƙarhen ubana?"

Na ce jariri ne mai rai za a sa. Ya ce bai sani ba, ni ma ban sani ba. Ya sunkuya ya ɗauki gizagon daga gabana, ya shiga ɗakinsa da shi, ya fito hannu wofi. Ya ce sai ya ji da kunnensa daga bakin mai aikin, in ya tarar abin bauta ne, to in nemi aikin lebura a dam. Na ji tsoro ranar, tsoro na gaske, don ban iya komai ba a duniya sai sassaƙa.

Ranar Lahadi da la'asar muka naɗe gadon a tsumma, muka ɗora wa jaki, muka tafi bariki. Muka tarar da Malam Yohanna a ƙofar ɗakinsa yana gyaran fitila. Ya shimfiɗa wa Kawu tabarma, Saratu ta kawo ruwa, jaririnta a baya. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da sanyi. Sannan Kawu ya gyara zama.

"Malam Yohanna, ni tsoho na, ban iya kewaye-kewaye ba. Allah nawa kuka bauta ma?"

"Ɗaya, Baba. Ba shi da na biyu."

"To mu mun ji ana hwaɗin ukku."

"Ana faɗa. Muna cewa Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Amma ba alloli uku ba ne, ba kuma kasa Shi aka yi kashi uku kamar naman watanda ba. Allah ɗaya ne. In ka ji Kirista ya ce alloli uku, ka kamo shi ka kawo mana, mu ma muna da magana da shi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "To shi Ɗan hwa? Wa'iyazu billahi, aure anka yi?"

"Ba aure, Baba. Wannan ko a wurinmu saɓo ne. Bari in tambaye ka. Maganar nan da ka taso da ita tun daga gida, tana cikinka ba ka furta ba, taka ce ko ta wani?"

"Tawa ta."

"Da ka furta ta, ta iso kunnena, ka zama mutum biyu?"

"A'a."

"To mu abin da muka gaskata ke nan. Allah bai taɓa kasancewa ba tare da Kalmarsa ba. Ba halittar ta Ya yi ba, tun fil'azal tana tare da Shi, ba kuma wani abu ba ce dabam da Shi. Da ita Ya yi sama da ƙasa. Ita muke kira Ɗa. Da lokaci ya yi, Kalmar nan ta ɗauki jiki irin nawa da naka a cikin budurwa Maryamu, aka haife shi. Shi ne Yesu Almasihu, wanda kuke kira Annabi Isa. Allah ne sosai, mutum ne sosai. Misalin nan nawa gurgu ne, Baba, ni birkila ne, iyakar inda bakina ya kai ke nan."

Kawu ya murza gemu. Can ya nuna jaririn da ke bayan Saratu, wanda ya yi barci baki buɗe.

"Awa wanga?"

"Kamar wannan."

"Shina jin yunwa? Shina kuka?"

"Yana yi. Har wanka ake yi masa."

"To sa'ad da shika kwance cikin zane, wa ar riƙe da sama?"

Malam Yohanna ya ajiye fitilar da ke hannunsa. Ya ce, "Shi. Sama ba ta zama kango ba don ya sauko. Yana shan nono, kuma shi ke riƙe da numfashin uwar da ke ba shi nonon."

Ni dai na taso na san girman Allah ta wajen nisa: Wanda ba Ya ci, ba Ya sha, ba Ya gyangyaɗi, ba abin da ya yi kama da Shi. Ban taɓa jin an kwatanta girma ta wajen ƙanƙanta ba sai ranar. Na dubi ɗan hannun jaririn nan da ya leƙo daga zane, ko taɓarya ba zai iya zagayewa ba.

Kawu ya ce, "Subhanallahi." Ya sake cewa, "Subhanallahi." Sannan ya ɗago. "Mu wurinmu Annabi Isa, alaihissalam, bawan Allah na, manzo na, uwatai kuma tsarkakka ta. Amma Ubangiji Ya hi ƙarhin yunwa da kwana. Nan wurin, Malam, ba ni bin ka."

"Na sani, Baba. Ban ce ka bi ni ba. Tambaya ka yi na amsa. Mu kanmu da muka gaskata, abin tsoro yake ba mu."

"To itacen ga da kas sa yaro ya yi. Sujada za ku yi mai?"

"Itace? Baba, in an tashi daga biki ko kaji suka kwana a ciki ba ruwanmu."

Kawu ya yi mini alama in kwance tsumman. Na kwance ina satar kallon fuskar mai aiki, ina jiran yabo. Saratu ta ce kai, ta dafe ƙirji. Malam Yohanna ya shafa zanen da hannu, ya zagaya shi, ya tsuguna ya leƙa ƙafafun. Sannan ya dube ni kamar mai jin kunya.

"Ummaru, ai ka kashe ni. Komi na ce."

"Kai kac ce Sarkin sarakuna."

"Shi ne. Amma ba a gado aka kwantar da shi ba. Tafiya ce ta kama uwar da tsohon ciki, suka isa garin ya cika, ba masauki. Inda ake ɗaure dabbobi ta haihu. Ta duba ba inda za ta ajiye shi, sai ta naɗe shi da zane ta sa shi a komin da suke cin abinci. In na kai wannan gadon gaban jama'a, na ɓata labarin gaba ɗaya. Abin mamakin ai a komin yake. Ba rasa fada Ya yi ba, Mai sama da ƙasa ne, Shi Ya zaɓi haka. Da a fada aka haife shi, ni da kai sai mun nemi iso. Wurin jaki kuwa wa ake hana shiga? Makiyaya ne suka fara zuwa ganinsa, da warin tumaki a jikinsu."

Ban dubi Kawu ba, shi ma bai dube ni ba, amma na san inda hankalinsa ya tafi, don nan nawa ya tafi: rumfar kara, ƙasa jiƙe, da matarsa tana kife dusa. Malam Yohanna bai san komai a kan wannan ba. Ya ga mun yi tsit, ya ɗauka ɓacin rai ne saboda aikin, ya shiga ba ni haƙuri. Kawu ya miƙe ya yi sallama. Gadon muka bar wa Saratu, ta ce in Sarkin bai so ba, ɗan birkila yana so.

Da muka iso gida Kawu ya shige ɗakinsa. Gizago kuma bai fito ba. Talata ta zo na tafi kasuwa na zauna a layi hannu rabbana, masu sayen ƙota suna tambaya ko ciwo nake yi. Na rasa gane inda hukuncin ya faɗi. An ce masa ba a yi wa itace sujada, amma an kuma faɗa masa maganar da ta fi ƙarfin kunnensa, kuma na san shi, yana iya cewa duk abin da ya raɓi wannan magana ƙarfen ubansa ba zai taɓa shi ba. Kullum ina ganinsa bayan sallar asuba zaune a kan buzu, carbi a hannu ba ya ja, yana kallon wajen turken jaki.

Ana gobe bikinsu, da hantsi, na ji yana kirana daga bayan gida. Na tarar ya kife komin jakin, ya wanke shi da toka, ya jingine shi a rana. Gizagon yana hannunsa. Ya miƙo mini ta ƙota.

"Ungo. Leɓen ga ya yi ƙaya, jaki ya tattaune shi. Ka bi shi ka share, ɗan mutane za a kwantar. Kak ka yi mai zane. Kak ka shahwa mai komi. Wada yake, haka za shi."

Na karɓa. Na zauna na bi leɓen komin nan a hankali, ina ɗauke tsinke ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa da bayan hannu, inda fata ta fi laushi. Aikin da bai kai a kira shi aiki ba, amma ban taɓa sassaƙa da natsuwa irin ta ranar ba.

Da safe muka kai shi majami'arsu. Malam Yohanna ya ga komin, baƙi, gefe ɗaya a ɗan tsage, da shaidar haƙoran jaki, ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu. Ya ce mu shigo, Kawu ya ce a'a, daga nan ma muna gani. Muka tsaya a waje ta wajen taga. Ɗakin ya cika, mata suna waƙa suna buga tulu, yara sun yafa tsummoki wai su ne makiyaya, har da tunkiya ta gaske aka jawo. Aka zuba harawa a komin, Saratu ta kwantar da ɗanta. Tunkiyar ta ga komi da harawa, ta san aikinta, ta sa baki ta fara ja daga ƙarƙashin jaririn. Yaron ya callara kuka, jama'a suka fashe da dariya, wata tsohuwa kuma a gaba tana dariyar tana share hawaye. Malam Yohanna ya tashi ya ce musu kada su kori tunkiyar, haka abin ya kasance, Wanda ya halicci ciyawa ya kwanta a kan abincin dabba.

Kawu bai ɗauke ido ba tun daga farko har ƙarshe. Na san abin da yake dubawa, gwiwoyinsu. Da suka zo addu'a suka sunkuyar da kai, suka rufe ido, ba wanda ya fuskanci itacen, wasu ma sun ba shi baya. Da aka tashi, aka ɗauke jariri, wani ya jawo komin da ƙafa ya fito mana da shi waje.

A hanyar komawa, jaki a gaba da komin a bayansa, sai da muka wuce magudanar ruwa Kawu ya yi magana.

"Sun ce ɗaya, mun ce ɗaya. Inda munka rabu, Shi Ya san wada za Ya yi da mu, ba aikin masassaƙi ba na." Muka ƙara tafiya kaɗan. "Mu, malamai sun hwaɗa muna gindin dabino ta haihe shi. Su sun ce kwami. Dut dai ba ɗaki, Ummaru. Annabin Allah guda, ba ɗaki."

Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa. Malam Yohanna ya koma garinsu da aka gama aiki, yana kan addininsa, ba wanda ya ja wani. Amma tun daga ranar ban ƙara fafe komi ba tare da maganar nan ta faɗo mini ba, cewa akwai mutane a duniya da suka gaskata Wanda sammai ba su ɗauke Shi ba Ya kwanta a cikin irin abin da ke tsakanin gwiwoyina. Ko ban gaskata ba, nakan ƙara goge leɓen.

Da muka iso gida, mata suna tsakar gida suna sussuka. Hajara ta rugo da gudu ta rungume ƙafar Kawu. Ya sauke komin daga bayan jaki, ya ajiye a tsakiyar gida, ya dube ta, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Taho nan, 'Yar-kwami."

Taɓarya ta tsaya a hannun matata. Matar Kawu ta saki baki. Shi kuwa ya ɗauki yarinyar ya zaunar da ita a cikin komin, ƙafafunta suna reto a waje don ta yi masa girma, tana ta ƙyalƙyala dariya. Ya tsuguna a gabanta, tsohon da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya ce, "Ashe masaukin manya munka ba ki, mu ba mu sani ba."

Daga ranar sunan ya bi ta, kuma Kawu ne ya fi kowa kiran sa. Komin yana nan a gidana, na ɗaga shi a kan rumbu don gara. Basiru, in ka koma ka sauke shi ka duba. Nan aka fara kwantar da uwarka.